Hutun Gaggawa da Iyali a Gaɓar Tekun Ghana: Yadda Ake Kama Gida a Kuma Shirya wa Zafi Mai Laima

Yara sun samu hutun makaranta, maigida ya samu 'yan kwanaki daga wurin aiki ba zato ba tsammani, sai shawara ta tsaya a kan a kama gida guda a bakin teku, irin wanda shafukan haya ke kira villa, iyali su sake a ciki su kaɗai. Saura mako biyu, ko ma bai kai ba. Ga mai fasfon Najeriya, gaɓar Ghana na cikin wuraren da irin wannan tafiya ke yiwuwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90, jirgi daga Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ne, soket ɗin lantarki irin namu ne mai ƙafa uku, kuma a unguwannin Nima ko Sabon Zongo na Accra da Hausa za ka yi cinikin nama.

Abin da ke kayar da mutanen Arewa shi ne yanayin. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri na watan Afrilu yakan ga an rubuta digiri 32 a Accra ya ce ai wannan sanyi ne. Ba haka ba ne. A Arewa iska busasshiya ce, zufa na fitowa tana bushewa, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki. A bakin teku iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufa sai ta kwanta a fata, riga ta manne, jiki ya kasa fitar da zafinsa. Wannan laimar ce ke hana wanki bushewa, ke sa yaji ya dunƙule, ke fesa wa yara ƙuraje. Kusan duk shirin da ke ƙasa daga nan ya taso.

Mataki na farko: takardu, tun kafin a sayi tikiti

A fito da fasfon kowa a shimfiɗa a kan tabarma yau ɗin nan. Kowane yaro, har jariri, sai da nasa. A duba ranar ƙarewa, ana so ya rage aƙalla wata shida. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yaran, ko kawu ne zai raka su, a riƙe takardar amincewar mahaifi da sa hannunsa, da kwafin shafin fasfonsa, da takardun haihuwar yaran. Mai fasfon Nijar ya tambayi kamfanin jirgin abin da ake bukata a yanzu, domin ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad, kuma a nan tafiyar gaggawa ta fi lalacewa. Ghana na neman sa daga duk wanda ya kai wata tara da haihuwa. Wanda aka taɓa yi wa allurar ba ya bukatar sabuwa, tun 2016 ake lissafa ta a matsayin ta har ƙarshen rayuwa. Amma wanda yau aka fara yi masa, katinsa ba ya aiki sai bayan kwana 10. Ma'ana, idan akwai mutum ɗaya a gidan da ba a taɓa yi wa ba, ranar tafiyar kowa ta koma bayan kwana goman nan. A je ofishin kiwon lafiya na tashar jirgi a yi ta a hukumance. Kada a sayi katin da ba allura a bayansa: cutar tana kisa, kuma yaron da aka saya wa takarda bai samu kariyar komai ba. Mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su ga likita tukuna, ba kowa ake yi wa allurar ba.

Mataki na biyu: wane wata, wane gari

Gaɓar Ghana na da damina biyu. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, ƙaramar kuma wajajen Satumba zuwa Nuwamba. Zafi ya fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu. Agusta, wanda ya yi daidai da dogon hutun makaranta, shi ne mafi sauƙin zafi, sai dai teku kan yi fushi a lokacin. Disamba kuwa Accra cike take da baƙi tun bayan bikin Shekarar Komawa Gida na 2019, wanda Ghana ta gayyaci 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare, farashin gidaje na tashi, masu kyau kuma sun ƙare da wuri.

Ga iyali masu ƙananan yara da kwana huɗu ko biyar kacal, kada a zaɓi wurin da hanya za ta cinye hutun. Kokrobite na yamma da Accra, kimanin kilomita 30. Ada Foah na gabas, ɗan sama da kilomita 100, inda kogin Volta ke shiga teku, kuma yawancin gidajen hutun can a bakin kogi suke. Cape Coast da Elmina kimanin kilomita 150 ne, amma cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanyar na iya mayar da tafiyar awa huɗu. Ladan wahalar shi ne yara manya za su ga gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da gadar igiya ta dajin Kakum. Busua, gaba da Takoradi, ta yi nisa ga gajeren hutu, kuma yammacin gaɓar ya fi ko'ina ruwan sama.

Mataki na uku: binciken gidan

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Hoton talla na nuna tafkin ninƙaya da bishiyar kwakwa, ba ya nuna abin da zai hana ku barci. Ka nemi mai gidan ko mai kula da shi ya kira ka ta bidiyo, yana tsaye a cikin gidan, ya zagaya da kai ɗaki ɗaki. Wanda ya ƙi, ko ya yi ta kawo uzuri, ka bar shi. A lokacin kiran ka sa ya yi waɗannan a gabanka.

Ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ta kowane ɗakin kwana. Talla kan ce gida na da AC alhali a falo da babban ɗaki kaɗai take, ɗakin yara fanka ce. Ka dubi bangon da ke ƙarƙashin na'urar da kusurwoyin silin. Baƙin tabo ko fenti mai kumbura alamar funfuna ce, kuma mai asma ba zai kwana lafiya a wannan ɗakin ba.

Ya nuna maka janareta. Ghana ma na da ɗauke wuta, har suna suka ba shi, dumsor. Tambaya uku ce: janaretan na ɗaukar AC nawa a lokaci guda, wa ke sayen mai, kuma wa zai tayar da shi in wuta ta tafi ƙarfe biyun dare. Gidan da ke da batir da hasken rana kaɗai sau da yawa fitila da fanka da firji yake ɗauka. Ka lura da inda aka ajiye janaretan: a fili, nesa da tagogin kwana da kamar mita shida. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Ka tambayi mita. Gidaje da yawa mitar kati suke amfani da ita, kuma wasu masu gida kan saka kuɗin wuta kaɗan su ce sauran naka ne. AC huɗu dare da rana na cin wuta sosai. A rubuta tun yanzu wa zai biya.

Ya buɗe famfon banɗaki na sama ka ga ƙarfin ruwan. Daga ina ruwan yake, na gwamnati ne, na burtsatse, ko tanka ke kawowa? Rijiyoyin kusa da teku kan yi zartsi, sabulu ba ya kumfa, shayi ba ya shayuwa. Tankin lita nawa ne, kuma in ya ƙare wa ake kira?

Ya nuna ragar tagogi, musamman ta banɗaki da kicin, inda ta fi yagewa. Ya nuna katanga da tsayinta, domin idan maƙwabta ko masu wucewa a bakin ruwa na hango tsakar gidan, matan gidan ba za su sake ba, kuma sakewar ce dalilin kama gida maimakon otal. Ka tambaya ko mai gadi da mai shara a cikin gidan suke kwana, maza ne ko mata, da ƙarfe nawa suke shigowa. Ka tambaya ko akwai mashaya a kusa, don a wasu bakin tekun kiɗa kan kai asuba a ƙarshen mako.

Maganar kuɗi kuma, ka biya ta cikin manhajar da ka ga gidan, Airbnb ce ko Booking.com. Wanda ya ce ka turo masa kai tsaye zai rage maka, ya cire ka daga duk wata kariya, kuma 'yan damfara masu gaggawa suke farauta. In ta hannun dillali ne, kada kafin alƙalami ya wuce wani kaso, a cika sauran bayan an shiga gidan. A rubuta adadin kuɗin jingina da ranar da za a dawo da shi. Ka karɓi adireshin GhanaPostGPS na gidan, wato lambar adireshi ta dijital da Ghana ke amfani da ita, da alamarsa a taswirar waya, domin kwatancen baki ba ya kai direba da dare.

Mataki na huɗu: kayan sawa

A rage yawa, a sauya iri. Shadda mai sitaci, leshi mai nauyi, abaya da hijabin roba masu santsi, duk su zauna a gida, sai kaya ɗaya na Juma'a. A ɗauki auduga mara nauyi mai faɗi: jallabiya, yadin boyel, atamfa da ta sha wanki ta yi laushi, mayafin auduga, hular kai ta ciki guda uku ko huɗu don a riƙa sauyawa. Damshin da ke zama a ƙarƙashin ɗankwali yini guda na kawo ƙaiƙayi da wari, saboda haka uwargida ta yi kitso mai sauƙin bushewa kafin tafiya, ta kuma bar gashi ya bushe sarai kafin ta rufe.

A lissafa wa kowane yaro riga biyu a rana, kamfai da singileti fiye da haka. Jariri a riƙa sauya masa kunzugu da wuri, a bar shi ya sha iska tsakani. Takalmi silifa da sandal mai riƙe dunduniya, don tayil mai jiƙa na da santsi. Takalmin fata da jakar fata kan yi funfuna cikin 'yan kwanaki in aka rufe su a kabad.

Wankin da zai bushe cikin awa ɗaya a Kano na iya kwana biyu a nan. A zo da igiyar shanya da 'yan maƙalai, a shanya a rana ko a ƙarƙashin fanka. Kada a shanya a ƙasa ko a kan ciyawa. Akwai wani ƙuda a wannan yanki da ke saka ƙwai a ƙasa mai damshi da tufafi masu laima, tsutsar ta shige fata ta yi kamar maruru. Guga mai zafi na kashe ƙwan, don haka a goge duk abin da aka shanya a waje, har kayan ciki da zanen goyo.

Mataki na biyar: jakar magani

Wannan jaka a hannu take tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. A saka maganin da kowa ke sha kullum, na hawan jini, na suga, abin shaƙar asma, da ƙarin na kwana biyar kan adadin kwanakin tafiya. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, a ɗauke shi a 'yar jakar sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye.

Sai farasitamol na manya da na yara, ma'aunin zafin jiki, filasta, man kalamin don ƙurajen zafi, man kashe gwaiwar fata da ke fitowa a matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, da ƙullin gishiri da sukari na ORS kamar guda goma tare da ƙwayar zinc. Idan ORS ya ƙare, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Gishirin da ya yi yawa na cutar da yaro.

Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 ya wadatar, ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, kuma ba a shafa wa yara a tafin hannu. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sabunta duk awa biyu da bayan fitowa daga ruwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da hanci. In za a haɗa biyun, na rana ake fara shafawa. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa ce kariyarsa. A zo da gidan sauro ko da guda ɗaya na yara, da ƙusa ko igiyar ɗaure shi. Mai ciki da yaran da suka tashi a Turai ko Amurka su ga likita kan maganin rigakafin maleriya kafin tashi.

Batirin cajin waya ma a jakar hannu yake tafiya, haka dokar jirgi ta ce.

Mataki na shida: ranar isowa

A nemi jirgin safe don a isa gidan da sauran rana. Agogon Ghana na bayan na Najeriya da awa ɗaya, a gyara shi da manhajar lokutan salla. Daga gaɓar, alƙibla gabas ce da karkata zuwa arewa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, ya cika sallarsa.

Bolt da Uber na aiki a Accra, amma kada a dogara da su a Ada ko ƙauyukan gaɓa. A shirya mota da direba na zuwa da dawowa tun kafin a sauka. A canza kuɗi zuwa sidi, kuɗin Ghana, a wurin canji mai lasisi, a kira banki tun daga gida a ji ko katin zai yi aiki a waje da iyakarsa, a kuma yanki layin waya da fasfo.

A yi cefane a Accra kafin a kama hanya. Naman yanka a zango ake samun sa cikin kwanciyar rai, a saka a kula da ƙanƙara. A kudancin Ghana ana cin alade, don haka in an sayi dafaffen abinci a tambaya, in kuma gidan na da kuku a gaya masa ƙa'idar tun ranar farko. Waakye, koko da kose da tuo zaafi ba baƙi ba ne ga Bahaushe, sunayen ma sun nuna asalinsu. Shito, yajin man da ake zubawa a kan komai, na ɗauke da busasshen kifi da jatan lande, mai borin jini da su ya kiyaye. A garuruwan gaɓa da dama masunta ba sa shiga teku ran Talata, wanda ke son ɗanyen kifi ya saya ran Litinin.

Ruwan sha: a lissafa lita uku ga babba, lita ɗaya da rabi ga yaro. Jakar fiya wata a Ghana guda 30 ce ta rabin lita, wato lita 15, kusan abin da iyali mai mutum shida zai sha a yini. A duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna a jikin ledar. Madarar jariri da ruwan gora da aka tafasa ake haɗa ta. Jaririn da ke kan nono zalla ba a ba shi ruwa, sai dai a ƙara yawan shayarwa.

Da shiga gidan, kafin a kwance kaya, a ɗauki bidiyon kowane ɗaki da duk abin da ya riga ya fashe, da lambar da ke kan mita, a tura wa mai gidan nan take. Wannan ne zai dawo da kuɗin jingina. A shinshina tukunyar gas da tiyonta. A juye yaji, garin kunu, sukari da madara cikin robobi masu murfi, don laima da tururuwa ba sa jira. AC a saita ta a digiri 24 zuwa 26 a haɗa da fanka, a rufe ƙofofi. Wanda ya sa ta a 16 zai tashi da mura, mitar ta ƙare, kuma duk fitar da zai yi gilashin idonsa da kyamarar wayarsa sai sun yi raɓa.

Abinci na saurin lalacewa. Dafaffe kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa ɗaya. Shinkafar da ta kwana a tukunya a zubar.

Ruwa da yara

Yaron da ya tashi a Katsina ko Zariya bai san ruwa mai zurfi ba, kuma gida mai tafki a tsakiyarsa haɗari ne gare shi dare da rana. Nutsewa ba ta da ihu, yaro kan tafi shiru cikin ƙasa da minti ɗaya, manya na hira a gefe kowa na zaton wani na kallo. A naɗa babba ɗaya da suna a kowane lokaci, ba waya a hannunsa, ƙaramin yaro kuma kada ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. In tafkin ba shi da shinge, a kulle ƙofar da ke fita wajensa a cire mukullin, musamman bayan sallar asuba lokacin da manya ke komawa barci. Balan-balan ɗin hannu abin wasa ne, ba ya hana nutsewa. Ruwan da ba a hango ƙasansa, ko ya yi kore, kada a shiga sai an gyara.

Tekun wannan gaɓa na da igiya mai ja zuwa ciki, kuma a yawancin wurare babu mai ceto. Wanda bai iya iyo sosai ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, yaro kuma hannunsa a cikin na babba. Wanda igiyar ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta. A Ada, kada kowa ya hau kwalekwale sai da rigar ruwa daidai jikinsa. Ruwan kogin Volta kuma na ɗauke da tsargiya a wurare da dama, kwanciyarsa ba ta sa ya zama wurin wankan yara ba.

A tsara yini yadda zafi ya tsara shi: fita daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma, a dawo gida har la'asar. Fitsari mai duhu, ciwon kai, jiri da kasala na nufin a shiga inuwa a sha ORS. Idan mutum ya fara ruɗewa, yana magana ba kan gado ko ya suma, jikinsa zafi rau, a cire masa kaya masu nauyi, a kwarara masa ruwan sanyi, a sa fanka, a kira 112, lambar gaggawa ta Ghana. Sunan asibiti mafi kusa da nisansa a tambaye su tun ranar isowa.

Ranar dawowa da bayanta

A daina shiga ruwa tun yammacin jajiberin tafiya don kaya su bushe. Abin da bai bushe ba a ɗaure shi a leda daban, a kwance shi da zarar an isa gida. A zagaya gidan tare da mai kula da shi, a ɗauki bidiyo na biyu da lambar mita. In tafiyar ta faɗa ran Juma'a kuma jirgin na dare ne, babban masallacin ƙasa da ke unguwar Kanda a Accra, wanda aka buɗe a 2021, ba shi da nisa da filin jirgi.

Bayan an dawo, duk wanda ya yi zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya a ranar, kada a fara magani da ka. Yaron da ya shiga kogi a sa ido a kan fitsarinsa na 'yan watanni, in an ga jini a kai shi asibiti a gaya wa likita ruwan da ya shiga da kuma ranar.